Alhakin Hukuma a Yaƙin Basasar Nijeriya, 1967–1970

1.0 Gabatarwa

Masana harshe suna danganta kalmar "basasa" da wani yaƙi da aka yi a ƙasar Larabawa kafin zuwan Musulunci, tsakanin ƙabilun Bakru da Taglibu, waɗanda 'yan'uwan juna ne. Bisa ga abin da ruwayoyi suka kawo, rikici a kan raƙumar wata mata mai suna Basusu shi ne ya haddasa yaƙin, kuma sai da aka shekara 40 ana gwabzawa. Daga nan ne Hausawa suka ari kalmar, suka laƙaba ta ga duk yaƙin da 'yan gida ɗaya suka yi da junansu. Abin lura a cikin wannan labari shi ne ƙanƙantar sanadi da girman ɓarna, kuma abin da ya haɗa biyun shi ne gazawar shugabanni wajen kashe wuta tun tana ƙarama.

Nijeriya ta ɗanɗani irin wannan yaƙi daga ranar 6 ga Yuli, 1967 zuwa ranar 15 ga Janairu, 1970, wato wata 30. An yi rubuce-rubuce masu yawa a kansa, sai dai da dama daga cikinsu hafsoshi da 'yan siyasar da suka taka rawa ne suka yi su, kowa yana ƙoƙarin wanke kansa. A bakin jama'a kuwa, an fi karkata ga ɗora laifi a kan ƙabila: wasu su ce Ibo ne suka fara, wasu su ce 'yan Arewa ne. Manufar wannan maƙala ita ce ta kawar da kai daga ƙabila, ta dubi hukuma. Za a bi diddigin matakan da gwamnatocin wancan zamani suka ɗauka, da waɗanda suka kasa ɗauka, domin a ga inda alhakin yaƙin da na wahalar talakawa ya rataya.

2.0 Laifi da Alhaki

Harshen Hausa ya bambanta laifi da alhaki. Laifi shi ne abin da mutum ya aikata wanda shari'a ko al'ada ta hana, kuma alƙali yana iya kama shi da shi ko ya wanke shi. Alhaki kuwa nauyin haƙƙin wani ne da ke bin mutum, ko da babu kotun da ta same shi da laifi. Shi ya sa Hausawa ke cewa alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Haka kuma, a tunanin Bahaushe, alhaki yana ƙaruwa gwargwadon iko. Wanda aka damƙa wa amanar jama'a ana tambayarsa abin da ya same su, ko da ba shi ya taɓa su da hannunsa ba.

Da wannan ma'auni za a auna hukumomi uku: gwamnatin Manjo-Janar Aguiyi-Ironsi, da ta Janar Yakubu Gowon, da kuma hukumar Biyafara ta Odumegwu Ojukwu. Alhakin da ke kansu ya kasu kashi uku: alhakin sakaci kafin yaƙi, da alhakin shawarar da aka yanke a cikin yaƙi, da kuma alhakin shiru bayan yaƙi.

3.0 Gadon Jamhuriya ta Farko

Ruwa ba ya tsami banza. Kafin sojoji su shigo, gwamnatin farar hula ta riga ta zubar da mutuncin hanyoyin da al'umma ke bi su warware saɓani ba tare da makami ba. Rikicin jam'iyyar AG na 1962 ya kai ga kafa dokar ta-ɓaci a Yankin Yamma, daga baya aka ɗaure Cif Obafemi Awolowo a 1963. An soke ƙidayar jama'a ta 1962, wadda aka sake a 1963 kuwa ta ba Arewa mutum miliyan 29.8 daga cikin miliyan 55.6, Yankin Gabas ya ce bai yarda ba. Zaɓen tarayya na Disamba 1964 ya gamu da ƙauracewa, na Yankin Yamma na Oktoba 1965 kuma ya ƙare da ƙone-ƙone da kashe-kashe. A ƙasar Tibi ma an zubar da jini a 1960 da 1964. Idan ƙidaya da zaɓe suka zama abin tuhuma, to babu sauran ma'aunin da kowa ya yarda da shi. A cikin wannan hali ne wasu matasan hafsoshi suka ga kamar bindiga za ta gyara abin da ƙuri'a ta ɓata.

4.0 Shekarar 1966: Alhakin Sakaci

4.1 Zamanin Ironsi

A daren 15 ga Janairu, 1966, wasu manjoji, cikinsu har da Chukwuma Kaduna Nzeogwu da Emmanuel Ifeajuna, suka yi yunƙurin juyin mulki. An kashe Firayim Minista Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Firimiyan Arewa Sir Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, da Firimiyan Yamma Cif Samuel Akintola, da Ministan Kuɗi Cif Festus Okotie-Eboh. Daga cikin manyan hafsoshi an kashe Birgediya Zakariya Maimalari, da Birgediya Samuel Ademulegun, da Kanar Kur Muhammad, da Laftanar-Kanar Abogo Largema, da Laftanar-Kanar James Pam, da wasunsu. Mafi yawan manjojin Ibo ne, kuma babu wani babban ɗan siyasa Ibo da aka kashe. Ko mene ne nufin manjojin, wannan shi ne abin da idon jama'a ya gani.

Yunƙurin bai yi nasara ba, mulki ya faɗa hannun Ironsi, wanda shi ma Ibo ne. Babban abin da ke gabansa shi ne ya nuna wa ƙasa cewa jinin da aka zubar ba zai tafi a banza ba. An tsare manjojin, amma har gwamnatinsa ta faɗi ba a gurfanar da su gaban shari'a ba. A wannan tsakani aka yi ƙarin girma a soja wanda mafi yawan masu cin moriyarsa Ibo ne. Sannan a ranar 24 ga Mayu aka fitar da Dokar Soja mai lamba 34, wadda ta soke tsarin tarayya, ta haɗe ma'aikatun gwamnati wuri guda. A Arewa, inda ilimin boko bai yi zurfi ba, an fahimci dokar a matsayin hanyar ƙwace ayyukan gwamnati daga hannun 'yan yankin.

Ranar 29 ga Mayu tarzoma ta ɓarke a Kano da Zariya da wasu garuruwan Arewa, aka kashe ɗaruruwan mutanen Gabas. A lokacin ne kalmar "araba" ta fito a kwalayen masu zanga-zanga. Yana da kyau a tuna cewa a Arewa an ɗaga muryar a raba ƙasa a wannan shekara, kafin gwamnatin Gabas ta ɗauka. An kafa kwamitin bincike, amma kafin ya kai ko'ina wani juyin mulkin ya riske shi. Ke nan, a cikin wata shida gwamnatin Ironsi ta bar jini biyu ba hukunci: na shugabannin da aka kashe a Janairu, da na talakawan da aka kashe a Mayu.

4.2 Farkon Zamanin Gowon

Ranar 29 ga Yuli hafsoshin Arewa suka rama. An kashe Ironsi a Badun tare da mai masaukinsa, Laftanar-Kanar Adekunle Fajuyi, aka kuma kashe hafsoshi da ƙananan sojoji 'yan Gabas masu yawa a barikoki. Ranar 1 ga Agusta Laftanar-Kanar Yakubu Gowon, yana da shekara 31, ya zama shugaban ƙasa. Gwamnan Gabas, Laftanar-Kanar Ojukwu, ya ƙi amincewa da shi, yana mai cewa akwai waɗanda suka girme shi a muƙami.

Ana cikin taron tsarin mulki da aka buɗe a Legas ranar 12 ga Satumba, sai kisa mafi muni ya ɓarke a Arewa a ƙarshen watan, bayan an yaɗa labarin cewa ana kashe 'yan Arewa a Gabas. A Makurɗi da Jos da Kaduna da Zariya da Kano an bi mutanen Gabas gida-gida. Ranar 1 ga Oktoba sojojin Bataliya ta Biyar suka yi bore a Kano, suka buɗe wuta a filin jirgin sama da tashar jirgin ƙasa. Ƙiyasin waɗanda suka mutu ya kama daga 8,000 zuwa 30,000, kuma fiye da mutum miliyan ɗaya suka gudu zuwa Gabas. A can ma an kashe 'yan Arewa mazauna garuruwan Gabas, daga baya Ojukwu ya umarci waɗanda ba 'yan yankin ba su fice.

Tarihi ya adana labarin sarakuna da talakawan Arewa da suka ɓoye maƙwabtansu Ibo, kuma Gwamnan Arewa, Laftanar-Kanar Hassan Usman Katsina, ya fito ya yi tir da abin da ya faru. A wannan shekarar ce ma Ojukwu ya naɗa abokinsa, Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, Uban Jami'ar Nijeriya ta Nsukka. Wannan ya nuna cewa ƙiyayya ba ta game kowa ba. To amma kyautatawar ɗaiɗaikun mutane ba ta sauke nauyin da ke kan hukuma. Haƙƙi na farko da talaka ke bin gwamnati shi ne tsaron ransa. A nan kuwa wasu daga cikin masu sanye da kakin gwamnati ne suka shiga cikin kisan, kuma ba a hukunta kowa a fili ba, ba a kuma biya diyyar da ta dace ba. Daga wannan lokaci, mutumin Gabas da ya ce ba shi da tabbacin rayuwa a Nijeriya yana da hujjar da ya gani da idonsa.

5.0 Daga Aburi zuwa Ɓallewa

Dama ta ƙarshe ta samu a garin Aburi na ƙasar Gana, ranakun 4 da 5 ga Janairu, 1967, bisa gayyatar Laftanar-Janar Joseph Ankrah. Shugabannin soja suka yarda ba za a yi amfani da ƙarfi ba, kuma ba za a zartar da wani babban al'amari da ya shafi yanki ba sai da amincewar gwamnansa. An kuma yi alkawarin ci gaba da biyan albashin ma'aikatan da suka yi gudun hijira har zuwa ƙarshen watan Maris. Da aka dawo gida, manyan sakatarorin tarayya suka nuna wa Gowon cewa abin da ya sa wa hannu zai mayar da gwamnatin tsakiya fanko. Aka yi jinkiri, kowane ɓangare ya shiga fassara yarjejeniyar yadda ta yi masa daɗi.

A watan Maris gwamnati ta fitar da Dokar Soja mai lamba 8. Dokar ta ba yankuna iko mai yawa, fiye da wanda suka taɓa samu, amma ta bar wa Majalisar Ƙoli ta Soja damar kafa dokar ta-ɓaci a kowane yanki idan gwamnoni uku daga cikin huɗu suka yarda. Ojukwu ya yi fatali da ita, a ƙarshen watan kuma ya ba da umarnin a riƙe kuɗin shigar tarayya da ake tarawa a Gabas. Legas ta mayar da martani da takunkumin tattalin arziki.

Ranar 27 ga Mayu Gowon ya raba ƙasar zuwa jihohi 12, uku daga cikinsu a Gabas. Ƙananan ƙabilu sun daɗe suna neman haka, tun zamanin Kwamitin Willink na 1957 zuwa 1958, don haka matakin yana da hujjarsa. Sai dai ya raba ƙasar Ibo da teku da kuma mafi yawan rijiyoyin man fetur, a daidai lokacin da zukata suka fi zafi. Bayan kwana uku, ranar 30 ga Mayu, Ojukwu ya ayyana Jamhuriyar Biyafara.

A nan karin maganar Hausawa ta dace: in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Gwamnatin tarayya ta sa hannu a kan abin da ba ta yi nazarinsa ba, sannan ta ja da baya. Ojukwu kuma ya samu mafi yawan abin da ya nema, amma ya ƙi karɓa saboda ɗan abin da ya rage. Bugu da ƙari, ya shigar da Ijo da Efik da Ibibiyo da Ogoni cikin sabuwar ƙasar ba tare da an tambayi ra'ayinsu ta hanyar ƙuri'a ba, ya kuma ja mutanensa zuwa yaƙi ba tare da isassun makamai ko tanadin abinci ba.

6.0 Yaƙi: Alhakin Shawara

6.1 Tafiyar Yaƙin

Gwamnatin tarayya ta fara kiran abin da ɗan aikin 'yan sanda na murƙushe tawaye, wanda za a gama cikin makonni. An harba harsashin farko a Gakem, kusa da Ogoja. Nsukka da Bonny suka faɗi a watan Yuli. Ranar 9 ga Agusta sojojin Biyafara, a ƙarƙashin Victor Banjo, suka mamaye Yankin Tsakiyar Yamma har suka kai Ore, lamarin da ya sa Legas ta mayar da abin cikakken yaƙi. Inugu ta faɗi ranar 4 ga Oktoba, Kalaba a cikin watan, Anaca a Maris 1968, Fatakwal kuma a Mayu 1968. Sojojin Nijeriya, waɗanda ba su wuce kimanin 10,000 ba kafin yaƙi, suka kai kimanin 250,000 a ƙarshensa. Galibinsu 'ya'yan talakawa ne da aka ɗebo daga ƙauyuka, aka ba su horon 'yan makonni, aka tura su fagen fama. Waɗanda suka mutu a ƙoƙarin tsallake Kogin Kwara zuwa Anaca a ƙarshen 1967 suna cikin waɗanda shawarar manya ta ci.

6.2 Asaba

Gowon ya fitar da ƙa'idojin aiki ga sojojinsa, waɗanda suka hana taɓa farar hula da fursunoni. A 1968 an harbe wani hafsan tarayya bisa laifin kashe fursuna a gaban 'yan jarida. Haka kuma gwamnati ta gayyato tawagar masu sa ido daga Birtaniya da Kanada da Polan da Suwidin, da wakilan Majalisar Ɗinkin Duniya da Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka, waɗanda suka ba da rahoton cewa ba su ga shaidar shirin kisan ƙare-dangi ba. Adalci ne a ambaci waɗannan.

Sai dai ranar 7 ga Oktoba, 1967, a garin Asaba, wanda ba ya ma cikin Biyafara, sojojin Runduna ta Biyu sun ware maza daga mata a cikin taron da ya fito yi musu maraba, suka buɗe musu wuta a unguwar Ogbe-Osowa. Ɗaruruwan mutane suka mutu. Haka nan jiragen yaƙin tarayya, waɗanda matuƙa 'yan Masar ke cikin masu tuƙa su, sun sha jefa bom a kasuwanni da asibitoci. Hukumar da ta iya hukunta hafsa guda saboda rai guda da aka kashe a gaban kyamara, ba ta hukunta kowa ba saboda ɗaruruwan da aka kashe a bayan idon duniya. Ita ma hukumar Biyafara ba ta kuɓuta ba. Kalmar "sabo", wadda aka gutsuro daga kalmar Ingilishi mai nufin maƙetaci ɗan zagon ƙasa, ta zama hukuncin kisa ga mutane da yawa, musamman 'yan ƙananan ƙabilun bakin teku. A Satumba 1967 aka harbe Banjo da Ifeajuna da wasu biyu a Inugu bisa zargin cin amana.

6.3 Yunwa

Mafi yawan waɗanda suka mutu a yaƙin ba harsashi ne ya kashe su ba. Ƙasar Ibo tana da yawan jama'a, abincinta doya ne da rogo, kuma ta dogara da waje wajen abinci mai gina jiki: shanu daga Arewa, kifi daga bakin teku, da busasshen kifin da ake shigowa da shi daga ƙasar Norwe. Takunkumin tarayya ya toshe duk waɗannan hanyoyi. A Janairu 1968 aka canja takardun kuɗin Nijeriya, lokacin Cif Awolowo yana Kwamishinan Kuɗi, abin da ya mayar da kuɗin da ke hannun Biyafara takardar banza. Da Fatakwal ta faɗi, sai miliyoyin mutane suka cushe a wani ɗan yanki da ba shi da mafita ta teku. Daga tsakiyar 1968 duniya ta fara ganin hotunan yara masu kumburarren ciki da jan gashi, alamar cutar tamowa mai tsanani da ake kira kwashiyoko, kalmar da ta fito daga harshen Ga na ƙasar Gana.

An zauna teburin sulhu a Kampala a Mayu 1968, da Yamai a Yuli, inda Shugaba Hamani Diori ya karɓi baƙi, da kuma Adis Ababa a Agusta. A kowane zama an yi ta ja-in-ja a kan hanyar shigar da agaji. Gwamnatin tarayya ta ba da hanyar mota daga Inugu zuwa kudu, tana son a bincika kayan. Biyafara ta ƙi, tana cewa za a sa wa abincin guba, kuma sojoji za su biyo hanyar. Biyafara ta nace sai jiragen dare zuwa filin Uli, wanda asalinsa titin mota ne aka faɗaɗa. Legas ta ƙi, domin a cikin duhun da jiragen agaji ke sauka ne jiragen makamai ma ke sauka. Ko da aka kawo shawarar jiragen rana a 1969, hukumar Biyafara ba ta amince ba. Ranar 5 ga Yuni, 1969 jirgin yaƙin tarayya ya harbo jirgin agaji na ƙungiyar Red Cross, a ƙarshen watan kuma gwamnati ta karɓe ragamar agaji daga hannun ƙungiyar. Ƙungiyoyin coci-coci ne suka ci gaba da jigila daga tsibirin Sao Tome.

An ruwaito wasu manyan jami'an tarayya, cikinsu har da Cif Awolowo, suna kare wannan manufa da cewa yunwa tana cikin makaman yaƙi, kuma ciyar da abokin gaba tsawaita faɗa ne. A dokar duniya ta wancan lokaci takunkumi ba haramun ba ne. Sai a 1977 aka ƙara wa Yarjejeniyoyin Janiba sharuɗɗan da suka haramta horar da farar hula da yunwa. To amma a nan ne bambancin laifi da alhaki ya fito fili. Hujjar da gwamnatin tarayya ta kafa yaƙin a kanta ita ce, mutanen Gabas 'yan Nijeriya ne da wasu 'yan tawaye suka yi garkuwa da su. Idan haka ne, yaran da suka mutu a Umuahiya da Owerri 'ya'yanta ne, kuma amanarsu tana wuyanta. Ba ya yiwuwa hukuma ta kira mutum ɗan ƙasa idan ana maganar iyaka, ta kuma kira shi abokin gaba idan ana maganar abinci.

Hujjar Biyafara kuwa ita ce an kafa ta ne domin tsare ran mutanen Gabas. Bayan faɗuwar Fatakwal da Aba a 1968, ya bayyana cewa nasarar soja ta yi nisa. Ƙasashe biyar ne kawai suka amince da ita: Tanzaniya da Gabon da Kwaddibuwa da Zambiya, sai Haiti a 1969. Makaman da Faransa ke turowa sun isa a ci gaba da faɗa, amma ba su isa a ci yaƙi ba. Duk da haka aka ƙara fiye da shekara guda ana yi, hotunan yunwa suna jawo tausayin duniya, kuɗin da ƙungiyoyin agaji ke kashewa a ciki kuma suna taimaka wa baitulmalin yaƙi. Dakta Nnamdi Azikiwe ya janye goyon bayansa a 1969. A Janairu 1970 Ojukwu ya tashi daga Uli zuwa Kwaddibuwa, Philip Effiong ya sanar da ajiye makamai ranar 12 ga wata, aka kammala miƙa wuya a Barikin Dodan ranar 15. Ƙiyasin rayukan da suka salwanta ya kama daga 500,000 zuwa miliyan biyu, wasu ma suna kai shi sama da haka. Mafi yawansu yara ne da tsofaffi. Su ma Birtaniya da Tarayyar Sobiyet, da suka sayar wa Legas makamai, da Faransa da ta ba Biyafara, suna da nasu kason, amma amanar waɗannan mutane ba a hannunsu take ba.

7.0 Bayan Yaƙi: Alhakin Shiru

Gowon ya yi abin da ba kasafai mai nasara ke yi ba. Ya ce babu wanda ya ci, babu wanda aka ci, ya yi afuwa, ya shelanta manufar sulhu da farfaɗowa da sake gini. Kisan gillar da mutanen Gabas suka ji tsoro bai auku ba, an mayar da ma'aikata da yawa bakin aikinsu, kuma a 1973 aka kafa shirin bautar ƙasa na matasa domin cuɗanya 'yan ƙasa. A garuruwan Arewa da dama, Ibo da suka dawo sun tarar da gidajensu, wasu har da kuɗin hayar da aka tara musu. A 1982 Shugaba Shehu Shagari ya yafe wa Ojukwu, ya dawo gida, ya zauna har rasuwarsa a 2011.

Amma akwai matakan da suka ƙara wa miki gishiri. Gwamnati ta ƙi karɓar agaji daga ƙasashe da ƙungiyoyin da suka taimaki Biyafara, alhali yunwa ba ta kau ba. Wanda ya kai kuɗin Biyafara banki, ko aka yi hulɗa da asusunsa a lokacin yaƙi, fam 20 aka ba shi komai yawan dukiyarsa. Bayan shekara biyu, a 1972, aka fito da dokar mayar da kamfanonin baƙi hannun 'yan ƙasa, a lokacin da mutanen Gabas ba su da jarin sayen hannun jari. A Fatakwal kuwa an ayyana gidajen Ibo da yawa a matsayin dukiyar da aka yasar, masu su ba su sake samun su ba.

Abin da ya fi waɗannan nauyi shi ne, ba a taɓa yin cikakken bincike na hukuma a kan kashe-kashen 1966 ko na lokacin yaƙi ba. Ba a ƙidaya matattu ba, ba a rubuta sunayensu ba. Kwamitin Mai Shari'a Chukwudifu Oputa, wanda Shugaba Olusegun Obasanjo ya kafa a 1999, ya saurari koke-koke a kan waɗannan al'amura, ya miƙa rahotonsa a 2002, amma gwamnati ba ta fitar da shi a hukumance ba. Inda hukuma ta yi shiru, kowane gida sai ya koya wa 'ya'yansa nasa tarihin: wani ya fara daga 15 ga Janairu, wani daga 29 ga Mayu, kowa ya tsallake ranar da nasa suka yi ɓarna. Sake tasowar fafutukar Biyafara tun daga 1999, a bakin matasan da ba su ga yaƙin ba, tana da alaƙa da wannan giɓi.

8.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa yaƙin basasar Nijeriya ba ƙaddarar zaman ƙabilu daban-daban ba ce. A kowace mararraba akwai hukuma mai iko, kuma akwai wata hanyar da za ta iya bi. Ironsi yana da ikon gurfanar da manjojin Janairu da masu tarzomar Mayu. Gwamnatin Gowon tana da ikon hukunta masu kisan Satumba da Oktoba da na Asaba, da kuma sassauta takunkumi a kan abinci. Ojukwu yana da ikon karɓar Doka ta 8, da buɗe hanyar agaji, da tsayar da faɗa tun da ya ga inda aka dosa. Kaso mafi girma yana kan gwamnatin tarayya, domin ita ce mafi ƙarfi, kuma ita ce ta ce duk mutanen nata ne. Amincewa da haka bai rage darajar ɗorewar Nijeriya a matsayin ƙasa ɗaya ba, bai kuma tozarta sojojin da suka ba da ransu ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Abin da ya rage a kan hukuma shi ne ta buɗe takardunta, ta fitar da rahotannin da ta adana, ta kuma ambaci matattun kowane ɓangare da sunan 'yan ƙasa. Har sai an yi haka, haƙƙinsu yana nan a wuyan duk gwamnatin da ta gaji kujerar.